Rigar Jumbaz da Hannun Samah

Yaya Ruƙayyatu ba ta taɓa ɗinka wa mutum riga daidai jikinsa ba. Ni Maimuna ƙanwarta ce, uwa ɗaya uba ɗaya, don haka ina da bakin faɗa. Rigar sallar da ta fara yi mini ina ƙarama, sai da salla ta zagayo ta sake zagayowa kafin yatsuna su leƙo daga hannunta. In ka yi ƙorafi sai ta ce an bar maka wurin girma ne. Ta gaya wa yara haka, ta gaya wa amare, har tsohuwar da ta ba saba'in baya ta gaya mata haka, ni dai ban san inda take so baiwar Allah ta girma ta kai ba.

A Tandabawi, wata unguwa a Makka, aka haife mu. Kakanninmu da ƙafa suka taso daga ƙasar Kano, suka yi shekaru a Sudan suna aikin auduga kafin su tsallako ruwa. Innarmu ɗinki take yi wa mata alhazai, masu zuwa da atamfarsu a ƙasan jaka su ce a yi musu abin da za su shiga gida da shi. Yaya ta hau keken Inna tun ƙafarta ba ta gama kai wa ga abin takawa ba. Ba ta san tef ɗin awo ba, ba ta kuma son saninsa. Sai ta tsayar da ke a gabanta, ta ce miki "Miƙe hannu," ta bi ki da tafinta daga kafaɗa zuwa wuyan hannu, ta riƙe lissafin a ka, sannan ta ƙara tafi guda a kowane gefe. Wannan tafi gudan shi ne addininta na biyu. A wurinta rigar da ta kama jiki rowa ce ga yadi kuma tonon asiri ce ga mai ita.

Ta auri Mukhtaru, direban motar alhazai, mutum mai sanyi wanda rabin rayuwarsa a hanyar Madina ta ƙare. Allah ya ba su 'yar fari aka sa mata Samah. Yaya ta ɗauki kunyar ɗan fari ta aza a ka, al'adar da ko a can gida na ji an fara sassauta mata. Ba ta kiran sunan yarinyar, ba ta ɗora ta a cinya gaban mutane. "Ke" ce, ko "yarinyar nan." Na sha gaya mata cewa nan Makka ce, maƙwabta za su ɗauka riƙo aka ba ta, amma Yaya in ta kafe ta kafe.

Ita kuwa Samah kamar ba ƙashi a jikinta. Tun tana 'yar mitsitsiya ba ta tafiya a miƙe in akwai hanyar yin alkafura. A kan rufin gidanmu, inda muke shanya, nan take wuni ƙafa a sama. A lokacin babu wasan motsa jiki a makarantun 'yan mata na gwamnati, ba wanda ya ma kawo shi a ransa. To akwai wata Bamisiriya a benen da ke kallon namu, Ustaza Tahani, malamar lissafi ce, wadda ta yi wasan jumbaz a ƙuruciyarta a Iskandariyya. Jumbaz shi ne wannan wasan tsalle da juyi da tsayuwa a kan hannu. Ta taga ta riƙa hango yarinyar, har wata rana ta sauko ta yi sallama ta roƙi a riƙa tura mata ita bayan la'asar, kada ta karya wuyanta ita kaɗai. Yaya ta yarda don a rage mata hayaniya.

Ba a daɗe ba Samah ta dawo da wani abu a cikin leda. Rigar jumbaz ce ta Ustaza ta lokacin ƙuruciya, shuɗiya, mai dogon hannu, riga da kamfai a haɗe, irin wadda a nan muke ce wa mayo. In ka ɗaga ta kamar safa, in aka sa ta sai ta bi jiki ta lafe. Yarinyar ta zo da ita tare da tarihinta kaf, don Ustaza malama ce har cikin ƙashi, ba ta ba da abu ba darasi. Samah ta tsaya a tsakar ɗaki tana zuba mana: wai asalin rigar ma ta namiji ce, wani Bafaranshe mai lilo a kan igiya can sama a gidan wasa, fiye da shekara ɗari da suka wuce, shi ya yi suna da ita har Turawa suke kiranta da sunansa. Wai matan wancan zamani da dogayen riguna suke motsa jiki, daga baya suka koma wani buhun wando da ake tsukewa a gwiwa, a hankali a hankali aka yi ta rage yadin. Na yi dariya na ce ashe Turawa ma sun yi zamanin Yaya.

Yaya ba ta yi dariya ba. Ba ta kuma yi faɗa ba, kuma wannan shi ne abin da mutane ba su gane ba game da ita. Wata uwar da ta ƙona rigar an huta. Ita tana son 'yarta ta yi wasanta, tana kuma son ta yi shi a suturce, sai ta yi abin da ta iya. Ta ɗauki mayo ta farke gefunansa, ta cusa ƙyallen atamfa a kowane gefe, ta buɗa hannuwan suka yi fadi kamar na abaya, ta kawo siket mai tattara ta jona a ƙugu har gwiwa. Aikin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Ta ɗaga shi tana jin daɗi, ta ce yanzu ya zama tufafi, kuma ga wurin girma.

Samah ta kalli rigar idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Ummi, Ustaza ta ce ƙyallen da ya yi saura shi ke kayar da mutum."

Yaya ta ce, "Ustaza tela ce?"

Shi ke nan maganar. Yarinyar da ba a kiran sunanta, in aka zauna aka yi mata ɗinki na musamman, ba za ta ƙi sawa ba. Ta sa don ta faranta wa uwarta.

Ina kan rufin a ranar ina kwashe shanya. Ta taho da gudu ta kifa, siket ɗin ya juyo ya rufe mata fuska, tafin hannunta na hagu ya sauka a kan faffaɗan hannun rigar maimakon siminti, ƙyallen ya zame da ita. Ƙarar da na ji har yau in ana karya itacen turare sai na tuna ta. Gwiwar hannun ce. Kafin mu sauko da ita ya kumbura, sai da Yaya ta sa almakashi ta yanke rigar daga jikinta. Mukhtaru yana hanya, mu kuwa abin da muka tashi muka ga ana yi shi muka yi, aka kira tsoho mai ɗori na unguwa ya ja ya ɗaure. Da aka ga abin ba ya tafiya daidai aka kai ta asibiti, a lokacin ƙashi ya riga ya kama a lanƙwashe. Likitoci sun yi iya yinsu, amma hannun bai ƙara miƙewa sosai ba.

Da Mukhtaru ya dawo ya tambayi abin da ya faru, Yaya ta ce wasan da Bamisiriyar nan ta koya mata ne. Ba ta ƙara ko kalma a kai ba, rigar kuwa ta riga ta bi shara. Na same ta a ɗaki na ce Yaya ki ji tsoron Allah, na ga abin da ya faru da idona. Na gaya wa Mukhtaru ma, ya ce maganar riga maganar mata ce, shi dai kada ya ƙara jin kalmar jumbaz a gidansa. Ni da Yaya muka daɗe ba ma ga maciji a kan wannan. Matan unguwa suka ɗauke wa Ustaza gaisuwa, masu 'ya'ya a ajinta suka riƙa yi da ita a bakin makaranta. Ustaza ta zo dubiya da kwanon shinkafa da madara, ta tsaya tana ƙwanƙwasawa, Yaya tana zaune a bayan ƙofar ba ta buɗe ba. Ƙarshen shekarar karatu suka tattara suka koma ƙasarsu.

Daga nan Yaya ta fara abin da ya sa sunanta ya fita. Duk rigar da za ta yi wa Samah sai ta yanka hannun hagu da wata dabara, ta ba shi fadi da ɗan lanƙwasa da tattara a kafaɗa, yadda in yarinyar ta tsaya ba mai cewa akwai abin da ya same ta. Ba ta kuma taɓa auna hannun ba, ta gefen ido take ɗaukar awonsa. Mata suka lura. Wadda aka yi wa aikin nono, wadda bayanta ya ɗan ranƙwafa, wadda ƙuna ta taɓa wa wuya, duk suka riƙa sallama a ƙofarta. Ta zama gwanar ɓoye abin da mutum ba ya so a gani. Kowa na sa mata albarka, ni kaɗai na san a jikin wa ta koyi sana'ar, kuma na san duk yabon da aka yi mata sai ya tsaya mata a wuya.

Samah ta girma shiru-shiru. Ranar da ta samu aiki a kantin magani, ta biya kasuwa ta sayo abaya ɗinkakkiya, daga ranar ba ta ƙara sa zaren uwarta a jiki ba. Har rigar bikinta haya ta ɗauko. Ku duba mini, 'yar Ruƙayyatu mai ɗinki, a unguwar da kowa ya san kowa, ta shiga ɗakin biki da rigar haya. Yaya ta haɗiye. Ba faɗa tsakaninsu, kada a ɗauka. Duk Juma'a Samah na zuwa, ta sumbaci goshin uwarta, ta kawo mata maganin suga, ta duba mata hawan jini. Sai dai in suna zaune Yaya kullum a gefen damarta take zama.

Rusau ya ci gidanmu na Tandabawi muka dawo unguwar Rusaifa. Mukhtaru ya rasu. Yaya ta kama shago a ƙasan bene, ni kuma na kafa tabarmar lallena a kusurwa, muka ci gaba da cacar bakinmu kamar yadda muka saba. Zamani kuma ya juya a gaban idonmu. Aka sa wasan motsa jiki a makarantun 'yan mata, wuraren motsa jiki na mata suka buɗe a kowace unguwa, matan da a da ko sauri ba sa yi a titi suka fara sayen takalmin gudu.

Samah na da 'ya guda, Nuha, doguwa siririya, Hausarta rabi da rabi, Larabcinta kamar ruwa. Da yake uwar na aiki, a shagonmu take sauka daga makaranta. Wata rana Yaya ta ɗago kai daga keke sai ta ga tafin ƙafa biyu a jikin bango inda ya kamata ta ga kai. Abin da ke hannunta ya faɗi. Ashe Samah da kanta ta kai yarinyar wani kulob na mata a unguwar Zahir tana koyon jumbaz, an kusa shekara, ba wanda ya gaya mana.

Nuha ce ta kawo maganar rigar, ita ba ta san komai ba. Za su yi wasan ƙarshen shekara a kulob, iyaye mata kaɗai za su kalla, an ce kowace yarinya ta zo da mayo mai dogon hannu da ƙafa har idon sawu. Na kasuwa kuwa in tsawo ya yi mata sai fadi ya yi yawa, in fadi ya yi sai ya tsaya a ƙwauri. Ta rungume wuyan kakarta ta ce, "Sitti, ke fa tela ce, ya'ani ki yi mini mana." A daidai lokacin Samah ta shigo ɗaukarta. Ko kallon uwarta ba ta yi ba, ta ce, "La'. Za mu yi oda." Ta kama hannun 'yarta suka fita.

Odar ta zo, ta yi mata jaka a ƙugu da hammata. Nuha ta ce mamanta ta ce in ba a samu wadda ta zauna daidai ba, to ba za ta hau ba, khalas, magana ta ƙare. Na san dalili, Yaya ta fi ni sani. Ta wuni ba ta taka keke ba. Washegari ta ce in raka ta kasuwar yadi. Na ce Yaya ba a sa ki ba. Ta ce ta sani, ɗinkawa za ta yi ta ajiye, in uwar ta ƙi ta ƙi. Na dube ta na gane ba rigar Nuha kaɗai take nufi ba. So take sau ɗaya kafin ta mutu 'yarta ta karɓi wani abu da ya fito daga hannunta.

Muka sayo koren yadin roba mai sheƙi. Ta tsayar da Nuha ta ce miƙe hannu, ta bi ta da tafi, ta yanka ta ɗinka. Yarinyar ta shiga ciki ta fito kamar an zuba ta a buhu. Na ce sannu Yaya, wannan har jikarta za ta gada. Ban da haka, da Nuha ta ɗaga ƙafa sai ɗinkin ya riƙa fashewa ƙas-ƙas, don zaren keken Inna miƙaƙƙe ne, ba ya bin yadi in ya ja.

Abin da ta yi bayan nan ban taɓa zaton zan gani ba. Ta yafa abaya ta ce mu je Zahir. Matar da shekara da shekaru mutane ke zuwa neman shawararta ta je ta tsaya a bakin ƙofar kulob tana jiran mai horar da yaran ta gama. Kaftin Basma suke ce mata, yarinya ce sa'ar 'ya'yanmu, jinin Hausawa ce amma ban da "sannu" ba ta iya komai ba. Ta ɗauko nata mayo ta shimfiɗa a tebur ta yi wa Yaya bayani da Larabci cikin ladabi. Irin wannan yadin, ta ce, ƙasa da jiki ake yanka shi, shi zai nemo hanyarsa. Ta ce duk inda yatsa biyu suka iya kama ƙyalle su ɗaga, to nan ne hannu ko ƙarfe zai kama.

Yaya ta ce, "Ƙasa da jiki?"

Basma ta ce, "Aiwa, haka ne, ya Khala. In ya yi saura, shi ke kayar da yarinya."

Na ga fuskar Yaya ta sauya. Maganar da 'yarta ta gaya mata tana ƙarama ce aka sake maimaita mata, kusan kalma da kalma. Ta yi godiya muka fito.

Ta sayi tef ɗin awo, na farko a rayuwarta. Ta ari keken zigizag wurin telan da ke maƙwabtaka da mu. Amma hannu ya riga ya saba. Sai ta ja layi da alli daidai yadda Basma ta ce, ta ɗauki almakashi, ina kallo almakashin ya bi ta wajen layin shi kaɗai, ya bar rabin tafi. Ta ɓata yadi muka koma kasuwa, ta sake ɓatawa muka sake komawa, har mai shagon ya fara tambaya ko ƙungiyar ƙwallo muke wa ɗinki. Na daina tsokanarta da na ga tana riƙe wuyan hannunta na dama da na hagu tana yanka, gumi na ɗiga daga haɓarta. Tausayinta ya kama ni, duk da ban daina jin haushinta ba.

Da ta gama, rigar ba ta fi ta 'yar tsana ba. Ta ɗaga ta tana kallo kamar ta aikata abin kunya, ta ninke ta ajiye a kan keke.

Ranar Juma'a Samah ta zo da magani kamar kullum. Nuha ba ta iya riƙe magana ba, ta wawuri rigar ta shige ciki ta fito da ita a jiki. Ta zauna mata kamar fatarta. Samah ta ajiye ledar hannunta a hankali. Ba ta yi faɗa ba. Ta durƙusa gaban 'yarta ta fara bin rigar da yatsu, ta tsunkuli ƙugu, ta tsunkuli hammata, wuyan hannu, bayan gwiwa, idon sawu. Ba ta samu abin kamawa ba. Ta ja ɗinkin gefe da ƙarfi, ya bi ta ya dawo. Ta ce wa Nuha ta yi alkafura, muka janye tabarmata. Yaya ta rufe ido har sai da ta ji ƙafafun yarinyar sun dira. Sannan Samah ta ce Nuha ta je sama ta canza.

Muka rage mu uku. Yaya ta juya ta fuskanci keke, ta ba 'yarta baya, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Ba wasan ne ya karya ki ba. Ɗinkina ne. Kin gaya mini na ƙi ji. Kuma na bari aka ɗora wa Ustaza."

Samah ta ce, "Na sani, Ummi. Ai ni ce a cikin rigar."

Na zaci nan za a tsaya, a yi kuka a rungumi juna. Ba haka aka yi ba. Samah ta ce lokacin da ta kai Nuha kulob ta nemi Ustaza Tahani a intanet, tana so ta gaya mata cewa abin da ta shuka bai mutu ba. Ɗanta ne ya amsa. Ustaza ta rasu da jimawa.

"Ya ce tun da suka koma ba ta ƙara koya wa kowa jumbaz ba. Ko 'ya'yanta. Ta ce ta taɓa nakasa wata yarinya a Makka."

Yaya ta dafa keken da hannu biyu. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi sauƙin kallo. Ta zo da tubanta a makare, wadda ta fi cancantar jin sa tana ƙarƙashin ƙasa a wata ƙasar. Nuha ta sauko da rigar a hannu, Samah ta karɓa ta ninke ta sa a jakarta, ta ce wasan ranar Asabar ne bayan la'asar, za ta biyo ta ɗauke mu.

Ɗakin wasan cike yake da mata, kowa ta cire abaya ta rataye a kujera. Samah ma ta cire. Riga mai gajeren hannu ce a jikinta, kuma wuri ya ƙure har dole Yaya ta zauna a hagunta. Nuha ta fito cikin korenta ta yi abin da ta zo yi. Ni na kalla, kuma wallahi yarinyar ta iya, ta juya ta dira ta ɗaga hannu biyu sama, ba zare ɗaya da ya motsa daga wurinsa. Samah ta miƙe tsaye ta ɗaga nata hannuwan don 'yarta ta hango ta. Na dama ya tafi sama, na hagu ya tsaya a lanƙwashe kusa da kunnenta. Da na waiga na ga Yaya ba filin take kallo ba. Da muka dawo na tambaye ta ko ta ga juyin ƙarshe, ta ce ba ta ga komai ba.

Tun daga ranar ta ɗauki wata ɗabi'a. Duk ɗawafin da za ta yi, sai ta ce na Ustaza ne. Na ce mata Allah ya karɓa.

Juma'ar da ta biyo baya Samah ta shigo shago da ƙunshi ban da ledar magani. Ta ajiye a kan teburin yanka ta warware. Baƙin yadin abaya ne mai kyau.

Ta ce, "Abaya nake so, Ummi. Amma hannun hagu ki yanka shi daidai hannuna. Kada ki ɓoye shi."

Yaya ta tashi tana laluben tef, alhali yana rataye a wuyanta. Ta tsayar da 'yarta a inda take tsayar da kowa. Ta auna kafaɗa, ta auna tsawo, ta auna hannun dama. Ta zagayo hagu. Bakinta ya riga tunaninta, abin da ta gaya wa dubban mata shi ya fito.

"Miƙe hannu."

Ta ji abin da ta faɗa bayan ya fita.

Samah ta ce, "Iyakarsa ke nan, Ummi."

Yaya ta sa tafinta a ƙarƙashin gwiwar hannun ta tallafe shi. Rabonta da taɓa shi tun ranar da ta yanke shuɗiyar riga daga kansa. Ta ce, "Samah," sunan ya fito mata a karkace kamar baƙon harshe. Sai ta aza tef ɗin a kafaɗa, ta bi lanƙwasar da shi a hankali har wuyan hannu. Ta koma tebur ta ja layi da alli, ta riƙe wuyan hannunta na dama da na hagu, ta yanka a kan layin.